Shekara 95 da Sunan Aro

A birnin Berlin, a kan titin Invalidenstraße, akwai wani zaure mai rufin gilashi inda wata dabba ke tsaye, ba nama ba fata, kanta ya doshi rufin. Daga ƙasa zuwa ƙoƙon kanta mita 13.27 ne, har littafin Guinness ya shigar da ita a matsayin ƙwarangwal ɗin dainoso mafi tsayi da aka taɓa tayarwa. Daga Afirka aka kwaso ta. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin abin da ya kai ni Jamus, wato sayo wa maɗaba'armu injin ɗab'i na hannu, ba labarin da zai zaunar da kowa ba ne.

Jirgi dai jirgi ne, mun tashi lafiya mun sauka lafiya. Masaukin da na biya ta intanet tun ina Kano shi ne farkon ɓacin raina. Ba mai gadi, ba mai tarba. Wasu lambobi aka turo mini a waya, na danna su a jikin wani ɗan akwatin ƙarfe, makulli ya faɗo, shi ke nan an karɓi baƙo. Ɗakin kuwa in ka shimfiɗa darduma sai ƙofa ta ƙi buɗuwa. Banɗaki na haɗaka ne, babu buta, sai da na sayi ruwan roba na mayar da robar buta. Warin taba ya kama labule ya kama katifa, samarin ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa kuma ba sa dawowa sai dab da asuba, da ihu da ƙarar kwalabe. Amma duk wannan bai ci mini rai kamar rashin gaisuwa ba. Ka haɗu da mutum a matattakala, kafaɗa ta gogi kafaɗa, ya wuce bai ɗago ido ba. A unguwarmu yaron da ya yi wa babba haka, kafin magariba maganar ta kai kunnen ubansa.

Ranar Juma'a Allah ya kawo sauƙi. Bayan an idar da salla a wani masallaci da ke unguwar Wedding, ina neman takalmina sai na ji ana waya da Hausa a bayana, Hausar mutanen Agadas. Dattijo ne fari dogo, furfura ta gama gemunsa. Na jira ya gama na yi masa sallama. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya ce, "Malam, ina aka sauka?" Da na faɗa masa sai ya girgiza kai. "Haba Malam, ana da 'yan'uwa a gari? Mu je ka kwaso kayanka." Na ce, "Alhaji, kada in ɗora maka nauyi." Ya ce baƙonka annabinka, kuma bai sake sauraron wani uzuri ba. A daren nan na ci tuwo da miyar kuka a tsakiyar Turai, kukar da Hajiyarsa ke sa a aiko mata daga gida, aka biyo da shayi irin na Buzaye, ana dafawa ana zubawa har hira ta yi nisa.

Ranar Lahadi Jamus a rufe take. Kantuna a kulle, mai injin da nake ciniki da shi ba ya ɗaga waya. 'Yar Alhaji, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, ita ce ta ce, "Kawu, zama ba naka ba ne yau. Zo mu kai ka gidan tarihin halittu ka ga wata 'yar Afirka da ta riga mu zuwa ƙasar nan." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mu uku, muka sauka a tashar da ke ɗauke da sunan gidan.

Da shigarka kake cin karo da ita. Na ɗaga kai har hulata ta zame, na ce Allahu Akbar a fili. Ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, gadon baya ya gangaro daga kafaɗa zuwa wutsiya, wuya ya miƙe sama gaɓa bayan gaɓa, can ƙarshe ga ɗan kai ƙarami da ba ka ce shi ke ciyar da wannan jiki ba. Ƙashin damtsenta kaɗai ya haura mita 2. Na matsa kusa na duba shi sosai: launinsa ƙasa-ƙasa ne, duk tsagu a jikinsa, ana ganin inda aka harhaɗa gutsattsari aka liƙe. Yarinyar ta ce kan da ke can sama na kwaikwayo ne, domin na ainihi ba zai jure ratayewa ba, haka ma wasu daga cikin ƙasusuwan baya, kuma ƙwarangwal ɗin haɗi ne na dabbobi fiye da ɗaya, ko da yake yawancinsa na guda ne. Masana sun ce ta rayu shekara miliyan 150 da suka wuce. Raƙumin dawa, wanda muke ganin ba mai kai shi, tsayinsa bai cika wuce mita 5 da 'yan kai ba.

Ni mai ɗab'i ne, duk inda na ga allo sai na karanta. Sunan da ke rubuce shi ne Giraffatitan brancai. Sai yarinyar ta ce, "Kawu, lokacin da ubana ya zo ƙasar nan ba haka ake kiranta ba, kuma har yanzu mutanen Berlin da yawa Brachiosaurus suke cewa." Muka sami benci muka zauna, ta warware mini zancen, daga baya kuma na bi shi da karatu.

A 1900 wani masani Ba'amurke, Elmer Riggs, na gidan tarihin Field da ke Shikago, ya tono wasu manyan ƙasusuwa kusa da garin Grand Junction a jihar Kolorado. A 1903 ya raɗa wa dabbar suna Brachiosaurus altithorax, saboda tsawon hannuwanta da zurfin ƙirjinta. Abin da ya samu kaɗan ne, ba kai, ba wuya. Ba a jima ba, a kudancin ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, mutanen yankin suka nuna wa wani injiniyan ma'adinai, Bernhard Sattler, ƙasusuwa a warwatse kusa da wani tudu mai suna Tendaguru. Masani Eberhard Fraas ya je ya gani a 1907, kuma daga 1909 zuwa 1913 gidan tarihin Berlin ya yi ta tono a wurin, Werner Janensch da Edwin Hennig ne suka fara jagoranci. A 1914 Janensch ya kwatanta abin da aka kawo da na Riggs, ya ga kama, ya ce dangi ɗaya ne. Ya sa wa ta Afirka Brachiosaurus brancai, don girmama maigidansa Wilhelm von Branca, shugaban gidan tarihin. Ya ma ware wani jinsin na biyu da sunan Fraas, daga baya ya ga duk abu ɗaya ne ya haɗe su.

To ga inda abin ya ɗaure mini kai. Tunda ta Amurka ba ta da kai ba ta da wuya, kusan duk hoton Brachiosaurus da duniya ta sani, a littattafan yara da kayan wasa har da fim ɗin Jurassic Park na 1993, siffar ta Tendaguru aka bi. Jikin na Afirka, sunan na Kolorado. An tayar da ita a wannan zaure a 1937, aka kwance ta aka ɓoye lokacin yaƙin duniya na biyu, aka sake tayarwa bayan yaƙi, duk da sunan aro.

Wanda ya fara ɗaga maganar mai zane ne. Gregory Paul yana zana ƙwarangwal ɗin biyu ƙashi bayan ƙashi sai ya ga ba su zo daidai ba, a 1988 ya ba ta Afirka sunan reshe, Giraffatitan, wato ƙaton raƙumin dawa. A 1991 George Olshevsky ya ce ai dangi ne mai zaman kansa. Yawancin masana ba su bi su ba. Sai a 2009 wani Bature ɗan Ingila, Michael Taylor, wanda asalin sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ce, ya zauna ya gwada kowane ƙashin da dabbobin biyu ke da shi, ya fitar da bambanci 26. Ta Amurka ta fi tsawon gangar jiki, ta fi tsawon wutsiya da kaurinta, ta Afirka ta fi ta tsukakken jiki. Daga nan aka karɓa. 'Yan'uwa ne na kusa, suna cikin babban gida ɗaya, amma kowacce da danginta. Wannan ya burge ni ƙwarai. Ba sarauta aka duba ba, ba yawan magoya baya ba, awo aka yi, aka buga sakamako a mujalla don duk mai ja ya je ya sake aunawa.

Na tambayi yarinyar, tunda an canza na farko, me ya hana a canza na biyun? Ta ce doka ce ta masu raɗa wa dabbobi suna: sunan jinsi da aka fara bugawa shi ke tabbata, ko da an mayar da dabbar wani dangi. Wannan na fahimce shi, domin mu ma sunan da liman ya raɗa ranar bakwai aka yanka rago a kansa, ko mutum ya yi ƙaura ya canza gari da sarauta, yana nan. Sai dai mu kafin a raɗa, ana duba wa ya cancanci takwara, kuma a nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya.

Wa ya yi tonon? Jamusawan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ma'aikata 'yan ƙasa ne, a wasu lokuta har kusan 500, ƙarƙashin wani mutum mai suna Boheti bin Amrani, wanda ya iya gano ƙashi a ƙasa, ya iya fiddo shi bai farfashe ba, ya kuma koya wa wasu. Su suka lulluɓe ƙasusuwan da laka, suka ɗaure su cikin kurtun gora, ƙananan kuma suka zuba su a ɓawon 'ya'yan kuka. Da na ji zancen kukar sai na ji abin ya matso kusa da ni, itacen da na sha miyarsa a gidan Alhaji. Daga nan 'yan dako suka ɗauka a ka da kafaɗa, tafiyar kusan kwana huɗu zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi, su dawo su sake ɗauka, har aka fitar da fiye da tan 200. Kuma wannan a ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin Maji Maji na 1905 zuwa 1907 ba, inda ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 75,000 zuwa 300,000, akasarinsu yunwa ce ta kashe su bayan sojojin Jamus sun ƙone gonaki da rumbuna. Gwamnatin mulkin mallaka ta ayyana filin tonon a matsayin ƙasar da ba ta da mai ita.

Sai ka zaga zauren ka karanta alluna. Ga wata da sunan Hansemann, wanda ya tara kuɗin tafiyar. Ga wata 'yar ƙarama da sunan Lettow-Vorbeck, kwamandan sojojin Jamus a Gabashin Afirka. Boheti bai sami takwara ba sai a 2007, shekarar da aka sake tayar da babbar a yadda take yanzu, lokacin da Kristian Remes ya raɗa wa wata mai dogon wuya Australodocus bohetii. A 2019 aka ƙara da Wamweracaudia keranjei, wadda ke ɗauke da sunan ƙabilar Wamwera da na Mohammadi Keranje, shugaban waɗanda suka tono ta. Na yaba wa waɗanda suka yi hakan, kuma na ji gidan tarihin da kansa ya sa an binciki wannan tarihi an buga shi littafi, har da fassarar Suwahili. Amma kusan shekara ɗari ta yi yawa, kuma ina bayan 'yan Tanzaniyar da ke cewa a mayar musu da kayansu. Yaron Lindi bai kamata ya nemi bizar Jamus ba kafin ya ga abin da kakansa ya ɗauka a ka.

Alhaji duk wannan lokacin bai ce uffan ba, yana jan carbi yana kallon wuyan. Can ya ce, "Malam, irin waɗannan a wajenmu a kwance suke a rairayi, makiyaya na wuce su da raƙuma." Gaskiya ya faɗa. A yankin Tigidit, ba nisa da Ingal, aka tono wata mai dogon wuya da Paul Sereno na Shikago da abokan aikinsa suka raɗa wa Jobaria tiguidensis a 1999, suka ɗauko sunan daga Jobar, wata halitta a labaran Buzaye. A shekarar kuma suka ba wata daga Gadufawa suna Nigersaurus taqueti, mai faffaɗan baki da haƙora kimanin 500, sunan ƙasa a gaba, na Bafaranshe Philippe Taquet da ya fara gano ta a baya. Alhaji ya ce, "Ka ga mu an ɗan tuna da mu." 'Yarsa ta ce, "Baba, saura mu riƙa raɗawa da kanmu." Ya ce Allah ya nuna masa ranar, muka ce amin. Ya kuma sa ni alkawarin in na koma in je gidan tarihin Bubu Hama a Yamai in ga waɗanda ke can, ya ce abin kunya ne Bakano ya san na Berlin bai san na maƙwabta ba.

Sauran gidan mun zaga shi a gurguje. Akwai wani tsohon tsuntsu a manne a dutse da mutane ke layi a kansa, akwai ɗaki cike da kifaye da macizai a kwalabe, amma hankalina bai bar zauren farko ba.

Cinikin inji ya faɗa a makon da ya biyo, aka kwance shi aka sa a kwantena. Na je Hamburg don takardun jirgin ruwa, ruwan sama da sanyi da ofisoshi, babu abin faɗa. Alhaji ya raka ni har filin jirgi, Hajiya ta ba ni saƙon magani in kai wa wata 'yar'uwarta da ke aure a Fagge.