Hadarin Teku A Kan Kwali

Ni mutumin tudu ne, sai da na kai shekara talatin sa'an nan na ga teku, ran da aiki ya kai ni Ikko. Amma tekun da ya fi zama mini a rai ba wannan ba ne, wani ne da na gani cikin littafin hotuna, a shekarar da gidana ya nemi watsewa.

Wanda ya zana shi wani Bature ne na ƙasar Suwidin, sunansa August Strindberg. An haife shi a birnin Stockholm cikin 1849, ya mutu a can cikin 1912. Sana'arsa rubutu, musamman wasannin kwaikwayo, har yau mutanen ƙasarsa suna lissafa shi cikin manyan marubutansu. Shi dai mutum ne mai zafin rai da yawan zargi. Cikin 1891 aurensa da matarsa ta fari, Siri von Essen, ya mutu bayan shekara 14, 'ya'yansu uku kuwa suka bi uwarsu. Da damuwa ta yi masa yawa, cikin 1892 sai ya koma Dalarö, wani ƙauye na bakin teku kusa da Stockholm, ya shiga zane ba ji ba gani. Abin da ya ke zanawa kusan guda ne kullum: ruwa, da sama, da hadari.

Ba ya yi wa zanen nan ladabi. Sau da yawa a kan kwali ya ke yi, ya ajiye burushi, ya ɗauki 'yar wuƙar da masu zane ke dama fenti da ita, ya kwaso fentin da kauri ya yaɓa, kamar yadda magini ke yaɓe. Wanda na gani cikin littafin, a Balin ya yi shi cikin 1893, ya sa masa suna Daren Kishi, ya ba Frida Uhl, yarinyar da ya ke nema da aure a lokacin. Ɗan ƙarami ne, bai fi faifai ba. Baƙi da fari da ruwan toka sun cakuɗe, ba ka iya cewa ga inda teku ya ƙare, ga inda sama ta fara. Babu jirgi, babu mutum, babu inda ido zai sauka ya huta. Ka ji kyautar da wani ya kai wa budurwarsa!

To, ya mai karatu, bari in faɗa maka abin da ya haɗa ni da shi, ko da ya ke ba abin alfahari ba ne. A shekarar nan zargi ya shiga zuciyata game da uwar 'ya'yana, ba tare da na ga kome ba, sai maganar mutane. Na yi ta yi mata faɗa har ta yi yaji, ta tafi gidansu da yara biyu. Girman kai ya hana ni biko. Kowane dare in ɗauki alƙalami don in rubuta wa mahaifinta takarda, amma da na fara sai baƙar magana ta fito, in yayyage. Ni da ke cin abinci da rubutu, rubutu ya zama mini makami, duk kalmar da na ɗauko sai ta nemi wanda za ta sara.

Wani dare, bayan na daɗe ina kallon hoton nan, sai na yanko kwalin sabulu, na daka gawayi, na dama da ƙaro kamar za a yi tawada, na samo farar ƙasa. Wuƙar yankan albasa ita ce kayan aikina. Na yi ta yaɓawa ina kankarewa, ina tuna raƙuman ruwan da na gani a Ikko, har aka yi kiran assalatu. Abin da ya fito ba shi da kyau ko kaɗan, da yaro ya kawo mini shi da na yi masa dariya. Amma da na wanke hannu sai na ji ƙirjina ya yi sauƙi, domin fushin ya sami wurin zuwa inda ba zai ji wa kowa ciwo ba. Kwali ba ya da iyaye, ba ya kuma riƙe magana.

Kada fa ka zaci zanen nan magani ne. Shi kansa Strindberg bai warke ba. Aurensa da Frida bai yi ƙarko ba, ya shiga ruɗewar hankali a Faris, wadda ya ba da labarinta cikin littafinsa Inferno na 1897, aurensa na uku ma ya mutu cikin 1904. A ganina zane ya rage masa zafi, amma bai koya masa neman gafara ba. Wannan ne ya tsorata ni, don na ga ina iya cika ɗaki da kwalaye, gida kuwa ya zauna kango.

Kwali na huɗu ban gama shi ba. Da gari ya waye na tafi wurin kawuna, na faɗa masa laifina duka, na roƙe shi ya raka ni biko. Surukina ya bar mu a zaure tun hantsi har azahar kafin ya fito. Sai da muka koma sau uku sa'an nan ta yarda ta dawo, da sharaɗin da na karɓa a gaban shaidu. Kwalayen suna nan a bayan akwati. Ran da ta gan su wajen shara ta tambaye ni ko mene ne, na ce teku ne. Ta juya ɗaya sama da ƙasa, ta ce ita dai ba ta ga ruwa ba.