Wasiƙa Daga Jamus: Kyautar da Ake Faɗin Kuɗinta

Yaya,

Ya jikin Inna, ya maigidan da yara? Ina fata kuɗin kwanon rufi sun isa hannun Kawu kafin ruwa ya sauka. Na saurari saƙonki na murya, na kuma gane inda kika dosa: har yaushe zan zauna ina jinyar tsofaffin wasu alhali tamu tsohuwar tana gida? Yaya, ba daɗi ne ya riƙe ni a Biremen ba. Kin san iyakar abin da albashina na da yake saya, kin kuma san aljihun da kuɗin makarantar su Auta ke fitowa yanzu. In na tattaro na dawo yau, wa zai ɗauka? Duk da haka maganarki ta hana ni barci.

Kin tambaye ni halin mutanen nan. Bari in ba ki wanda har yau ya tsaya mini a rai. Babban mutum da furfurarsa, in ranar haihuwarsa ta matso, sai ya zauna ya jero abubuwan da yake so a ba shi, ya tura wa 'yan'uwa da abokai ta waya. Wani har da farashi da sunan shago: littafi kaza Yuro 20, safar sanyi kala kaza, tukunyar shayi irin kaza. Kowa ya zaɓi ɗaya, ya sanar da saura don kada a maimaita. Ranar kuwa, a gaban idon mai kyauta ake yage takardar naɗi, a ɗaga abin sama kowa ya gani. Ita ma mai bayarwar ta adana rasit, ta ce in bai yi ba a je a canza. Wanda ya rasa abin saya sai ya miƙa katin sayayya na wani shago, an rubuta adadin kuɗin a jiki ɓaro-ɓaro. A wurin aikinmu ambulan ke zagayawa, kowa ya saka Yuro 5, ya sa hannu a kati, shi ke nan an fita haƙƙi.

Don Allah Yaya, ina kunya, ina kara? Kyautar da mutum ya faɗa da bakinsa ai cefane ne ya aike ki. Ba tukuici, ba addu'a mai tsawo, ba wanda zai ce "haba, har da wahala haka?" Na kasa haƙuri na tambayi wata abokiyar aikina. Ta ce mene ne amfanin ba mutum abin da zai jefa a kabad ya manta? Na yi shiru, don na tuno kwanukan bikinki da har yau ba a ɓare ledarsu ba. Tana da gaskiyarta. Amma ni nake ganin inda wannan lissafi ke ƙarewa. A gidan tsofaffin da nake aiki, wata dattijuwa ta cika shekara 85. Tun safe ta sa na gyara mata gashi, ta saka rigarta mai kyau ta zauna bakin taga. Furanni suka iso ta hannun ɗan aike, da kati mai tsada. Ɗanta yana Hambug, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Bai zo ba. Wallahi duk wanda ya mayar da zumunci abin aikawa ta gidan waya, Allah zai tambaye shi. Ina faɗin haka gabana yana faɗuwa, don ni ma kuɗi nake turowa.

Ba zan ce ba su da abin kirki ba. Mai ranar shi ke kawo wa abokan aiki kek, shi ke ciyarwa, wannan kam ya yi kama da mutunci. Suna da nasu camfin kuma: ba a taya mutum murna kafin ranar ta zo, wai rashin sa'a ne. A nan Biremen, namijin da ya kai 30 bai yi aure ba, abokansa kan sa shi sharar matakalar babban cocin gari. Ashe su ma sun san gwauro abin tsokana ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan abin da ke faranta musu rai. Ranar Lahadi doka ta rufe yawancin shaguna, sai ki ga mai kuɗi da talaka a bakin kogin Weza suna tattaki, ba mai kallon takalmin wani. Da la'asar a dafa kofi, a yanka kek, a yi hira. Burodi mai zafi da safe, katin laburare, ɗan lambun haya da suke shuka tumatir a ciki, waɗannan sun ishi mutum ya ce ya ji daɗin makonsa. Ba a cin bashi don anko. Wannan na yaba, ko da yake hirar tasu ba ta kai ta tsakar gidanmu bayan isha'i ba.

Da abokiyar aikin nan ta cika 50, ban duba jerinta ba. Turaren wuta na so ba ta, sai na tuna na'urar hayaƙi da ke manne a rufin gidajensu. Sai na ƙulla mata zoɓo da citta da kanumfari daga wanda kika aiko mini, na rubuta yadda ake dafawa. Ta rungume ni, washegari ta dawo tana tambayar ko akwai saura. Ni dai ban fara yanka kek na ranar haihuwata ba, kada Inna ta ji hankalinta ya tashi.

Roƙona ɗaya ne, Yaya. Cikin kuɗin wannan watan ki cire kaɗan ranar Juma'a, ki sayi fura da nono mai kyau da balangu mai laushi, ki kai wa Inna da kanki, kada ki aiki yaro. Ki zauna har ta ci, sannan ki kira ni ta bidiyo mu gaisa. Ki gaida Kawu da duk mutanen gida, ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Taki ƙanwa.