Minti Casa'in Muka Biya

A gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada kuɗin minti 90 muke biya, amma a Firimiyar Ingila da wuya ƙwallo ta yi minti 60 tana yawo a fili. Sauran lokacin yana tafiya a jifa, da canji, da golan da zai rungume ƙwallo ya kwanta kamar ya tsinci kuɗi.

A 2017 hukumar IFAB mai tsara dokokin wasan ta kawo shawarar a koma minti 60, a riƙa tsayar da agogo duk sanda ƙwallo ta fita. A wajenmu masu rubuta manhaja wannan aikin 'yan layuka ne. Sai dai mai birgima a ƙasa ba mintoci kaɗai yake nema ba, so yake zafin abokan karawa ya huce, agogo kuwa ba ya dawo da wannan.

Kuma tsayar da agogo na nufin ba wanda ya san lokacin tashi. Mun ga alama a Katar a 2022, da ƙarin lokacin wasan Ingila da Iran ya haura minti 25. A nan, mai gidan kallo fetur yake ƙonawa, wani wasan yana jira, ga magariba ta kawo jiki.

Dokar 2025 ta fi kwanta mana a rai: gola ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, a buga kwana. Alƙali da yatsunsa yake ƙirga biyar na ƙarshe, ko a filin ƙura na unguwa.