Ni Ma da Nawa Sojan Hayar

A shekarun da na yi ina malamin wasanni a wata sakandare a yankin Jega, ba abin da na ƙware a kai kamar rubuta takardar ƙorafi. Koyar da ƙwallo kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Duk wanda ke harkar ya san sojan haya: yaron da ba ɗalibi ba, a nemo shi daga ƙungiyar unguwa, a ɗauke shi hoto da rigar makaranta, a buga hatimi a kati. Nawa daga Maiyama na samo shi, ɗan kabu-kabu ne, sai da wanzami ya kwashe masa gemu da asubar ranar wasa. Ina ba shi kuɗin mai da na tsire. Ɗalibanmu na gaske kuwa ofis-ofis nake bi ina roƙa musu maki. Wai duk wannan kula da yara nake yi.

Sai wata makaranta ta wajen Aliero ta lallasa mu. Ɗan gabansu ɗalibi ne na halak, amma na samu labarin wani dillalin albasa ne ya saya masa takalmin ƙwallo, yana kuma ba shi ɗan na kashewa. A daren na zauna na zuba ƙorafi, har da kafa hujja da yadda FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasar matasa a 1989 kan saɓanin shekarun haihuwar 'yan wasa. Ni da na yi wa nawa aski da asuba! Shugaban kwamitin gasar abokin karatuna ne. Aka kori yaron daga gasar, aka ba mu makin wasan.

Bayan kwanaki yaron ya tarar da ni a tashar Jega. Ya rusuna ya gaishe ni, takalmin na cikin baƙar leda a hammatarsa, zai mayar wa mai shi. Ba faɗa ya kawo shi ba.

"Malam, don Allah wace doka na karya? In sani, don kar in ƙara."

Na buɗe baki zan karanto masa sashen, sai harshe ya yi nauyi. Sashen nan da ya hana ba ɗan wasa kyauta, ni na fi kowa take shi, kuma da kuɗin aljihuna. Bambancinmu ɗaya ne: ina da uwa a gindin murhu, shi ba shi da kowa a kwamiti. Har yau ina ganin dokar tana da amfani, don ba don ita ba masu kuɗi ne za su saye gasar yara. Amma ni ban tuna da ita ba sai ranar da aka ci ni.

A Amurka ma an yi irin haka. Reggie Bush, ɗan wasan ƙwallon Amurka a jami'a, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2005, ya rasa ta a 2010 saboda alherin da aka yi masa da iyalinsa yana ɗalibi. A 2021 aka halasta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu, a 2024 aka mayar masa da kyautarsa. Shi yana da lauyoyi da 'yan jarida.

Namu yaron, abin da na iya ce masa shi ne, "Je ka, za a duba." Ban duba ba. Shekara ta zagayo na je neman a janye takardar, sakatare ya yi dariya ya ce ai yaron ya gama makaranta tuni.