Makeron Maraƙi: Tsakanin Rugar Kawu da Gonar Norway

A rugar kawuna, in farin tabo mai zagaye ya fito a gefen idon maraƙi, gashi ya zube, fata ta yi ɓawo kamar toka, sai a ce makero ne, a ɗebo man kaɗe a shafa. Wasu har baƙin man inji suke laftawa, wanda ba abin da yake yi sai ɓata fata. Bayan wata biyu ko uku tabo ya bushe, a ce magani ya ci. Alhali makero kan warke don kansa, ranar ƙasarmu kuma tana taya shi.

Nan Norway ba su da wannan gata. Shanu na kwashe hunturu a kulle, ƙwayar naman gwarin da ke kawo cutar kuwa tana iya wuce shekara da ranta a jikin katako. Duk da haka manomin da nake taya aiki bai taɓa ganin makero a garkensa ba. Tun 1978 aka soma yi wa shanun yankin Gausdal rigakafi da allurar da aka ƙirƙiro a Tarayyar Sobiyet, daga nan abin ya yaɗu, har cutar ta kusa ɓacewa a ƙasar. Abin da ya dami mutanen Norway shi ne yaran da ke kamuwa daga maruƙa, da kuma tabon da ke karya darajar ƙirgi. Majeman Kano sun san wannan asara sarai.

Inda cutar ta ɓulla, ba a fara shafa mai sai an sa safar hannu an kankare ɓawon da buroshi, domin magani ba ya ratsa shi. Sannan a wanke dabbar da maganin enilconazole sau uku ko huɗu, kwana uku tsakani, a ware ta, a wanke ɗakin da igiyoyin.

Abin da ya fi ci mini rai a gida shi ne haɗa makero da kirci. Kirci ciwon damina ne, bakteriya ke kawo shi, kaska ke buɗe masa ƙofa. Man makero ba ya taɓa shi. Allurar likitan dabbobi yake so, da yaƙi da kaska. Saniya nawa ta rame a kan wannan kuskure!

Jiya na buga wa Kawu waya. Na ce, "Kawu, don Allah kafin a shafa komai, a duba hantsar dabbar da ƙarƙashin wutsiya, ko akwai kaska."