Ziyarar Funtuwa: Yini Guda a Gidan Mai Amada

Duk wanda aka ambata wa Funtuwa, abu biyu ke faɗo masa a rai, wato auduga da waƙa. Garin yana kudancin Jihar Katsina, a mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, kuma layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta cikinsa ya ratsa. A nan ne marigayi Dokta Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya kafa gida, har ya taɓa riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka yi masa sutura a Daura. A nan kuma aka haifi Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, gwanar amada, wadda ta koma ga Mahaliccinta a 2013.

To, mu a unguwarmu a Kano muna da 'yar ƙungiya ta masoya kiɗan amada, mu goma sha huɗu, yawancinmu matan aure, sai zawarawa biyu. Mun daɗe muna tura wa juna waƙoƙin wata dattijuwa mai amada da ke zaune a Funtuwa, wadda ta tashi tana kallon wasan Barmani a gidajen biki. Ba zan kama sunanta ba, Hajiya kawai za mu kira ta. Rannan uwar ƙungiyarmu ta ce, “Wai mu har yaushe za mu yi ta son baiwar Allah nan a waya, ba mu taɓa zuwa mun gaishe ta ba?” Ai kuwa nan take aka yanke adashen mota, kowa ta nemi izinin maigida, aka sa rana.

Da sassafe muka fita ta Kabuga, muka ɗauki hanyar Gwarzo, daga nan sai Dayi, Malumfashi, Bakori. Lokacin kaka ne, ko ina ka duba buhunan masara ne jibge a bakin titi, ga dawa ta sunkuyar da kai, ga auduga ta fashe fari fat. Kafin azahar mun isa, muka wuce manyan motocin hatsi da suka yi jerin gwano, wani yaro a kan babur ya yi mana jagora har ƙofar gida.

Ke 'yar'uwa, wadda muke ji a waya kamar sarauniya, ashe gidanta ginin ƙasa ne mai ɗaki uku, da rijiya da 'yan awaki. Ta fito da zani ɗaurin ƙirji da mayafi, tana ta “Lale marhabin da Kanawa! Sannunku da hanya 'ya'yan nan.” Muka zube muka gaishe ta, aka kawo fura da nono mai sanyi. Wata a cikinmu da ta fi kowa zumuɗi a mota sai ga shi baki ya mutu, ta kasa cewa komai sai hawaye.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida domin gwaji, saboda suna da wasan suna a ƙarshen mako. A nan muka ga abin da ba a gani a gidan biki. Aka fito da ƙore manya da ƙanana aka kife su a jere, ɗaya kuma aka kife ta a kan ruwa cikin baho. Makaɗiyar ta yi ta ɗaga ƙwaryar ruwan tana sake kife ta, tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne, domin yawan iskar da ke ƙarƙashinta shi ke sauya amonta. Hajiya ta ɗaga murya, 'yan amshi huɗu suka karɓa, ba su yi nisa ba ta ɗaga hannu. Wai ɗaya ta riga sauran shiga. Aka sake. Wai kiɗan ya yi gudu. Aka sake. Amshi guda sai da aka maimaita shi sau bakwai, kuma duk sunayen dangin mai jego a ka ta haddace su, babu takarda babu biro. Da abin ya daidaita kuwa, ai ba mu san lokacin da muka miƙe ba, aka ɗaura gyale a ƙugu, ana guɗa ana liƙi, yaran maƙwabta sun cika katanga.

Bayan sallar magariba aka kawo tuwon masara miyar kuka, an zuba man shanu har yana ƙyalli, ga dambun kaza da muka zo da shi tsaraba. Hajiya ta ƙi yarda a ware mata kwano, ta sa hannu tare da mu. Ana cikin raha sai uwar ƙungiyarmu ta tambaye ta yadda sana'a take. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, “'Yata, da ne ake rububinmu, sai mu yi biki uku a mako. Yanzu sai wata ya fita ba a kira mu ba. Uwar amarya tana sona a wayarta, amma ranar biki mai na'ura take ɗaukowa.” Ta nuna ƙaramar 'yan amshin ta ce wannan ita kaɗai ce budurwa a cikinsu, ita ma ta fara koyon ɗinki, don waƙa ba za ta yi mata kayan ɗaki ba.

Wuri ya yi tsit. Can sai wata daga cikinmu, wadda za ta aurar da 'yarta ta fari bayan salla, ta ajiye lomar da ke hannunta ta ce, “Inna, ni na riga na ba mai na'ura kafin alƙalami, amma wallahi ranar yinin biki taki ce, ko da zan sayar da ɗan kunnena.” Hajiya ta yi dariya har da tafi, ta ce ɗan kunne ya zauna a kunnensa, a dai tanadi kuɗin mota da tabarma mai faɗi. A gidan muka kwana, don yanzu ba a son tafiyar dare a hanyoyin nan.

Abin da nake so mu lura da shi 'yan'uwa, amada kiɗan mata ne, na cikin gida, wanda uwa da 'ya da kaka za su taka ba tare da namiji ya tsaya a kansu ba. Da shi su Barmani suka yi ta zaburar da matan kulle su kama sana'a, su daina zaman jiran miji, suka kuma faɗi abin da ke cin ran mace game da kishiya cikin raha. Irin wannan kiɗa a gidan biki yake rayuwa, in an daina gayyatarsa to ƙwarya za ta koma ɗakin girki. Tura waƙa a waya ba ya sa tukunyar mawaƙiya ta tafasa, ba ya kuma riƙe budurwa a layin amshi.

Saboda haka duk wadda ke da biki ko suna a gaba, ta tambaya a garinsu, da wuya a rasa mai amada ko mai kiɗan ƙwarya. A ware mata yini guda, a biya ta haƙƙinta ba tare da ja-in-ja ba, a kuma bar 'yan mata su zauna kusa su gani. Allah Ya ji ƙan Shata da Barmani, Ya sa albarka a sana'ar waɗanda suka rage, Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da hanyoyinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.