Rabon Gado da Harshen Haskell

'Yan uwa ɗalibai, galibinmu a nan Madina ilimin shari'a da hadisi ne ya kawo mu, mu 'yan ɓangaren kwamfuta kuwa ba mu taka kara mun karya ba. Amma tun da na soma digiri na biyu nake ganin akwai mahaɗa tsakaninmu, wato ilimin rabon gado. Shi na ɗauko don in bayyana abin da ya sa nake kwaɗaita wa ƙannena koyon harsunan kwamfuta masu tsarin fankishan, irin su Haskell da Erlang.

A harsunan da aka fi sabawa da su, kamar Java da C, mai rubuta manhaja yana bai wa kwamfuta umurni ne ɗaya bayan ɗaya, yana ajiye lamba a wuri, can gaba ya sauya ta, wani sashe na manhajar ma ya zo ya sake sauya ta. A tsarin fankishan kuwa, abin da aka ajiye ba ya sauyawa, kuma duk sanda ka ba fankishan bayanai iri ɗaya, amsa ɗaya zai ba ka. Tushen abin lissafin lamda ne na Alonzo Church a shekarun 1930, sai Lisp ya fito a 1958, Haskell kuma a 1990.

To ai haka mas'alar gado take. Mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu: miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku. Asalin mas'ala 6 ne, amma 3 a tara da 4 ya ba da 7, sai a yi auli, a raba dukiyar gida bakwai. Idan naira 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, kowace shaƙiƙiya 200,000. Malaman fara'id suna ambaton cewa a wannan gari aka fara yin auli, zamanin Sayyidina Umar. Ko a Kano aka kawo mas'alar ko a Maraɗi, matuƙar mazhabar ɗaya ce, amsar ba ta canzawa. Abin da muke kira fankishan ke nan. Shi kansa Alkhawarizmi, wanda daga sunansa aka samo kalmar algoridim, ya cika babban sashe na littafinsa na aljabara, wajajen shekarar 820, da lissafin wasiyya da gado.

Inda Haskell ya fi burge ni shi ne tsananinsa. Kwamfuta ba ta iya riƙe ɗaya bisa uku daidai idan da ɗigo aka rubuta shi. Ku tara 0.1 da 0.2 a Python, za ku ga 0.30000000000000004. Python ma yana da hanyar riƙe sulusi a matsayin sulusi, amma da ka haɗa shi da lamba mai ɗigo sai ya koma mai ɗigo, shiru, ba ko tari. Haskell ƙin karɓar manhajar zai yi sai ka faɗa masa a fili cewa da gangan ka haɗa su. Haka kuma idan ka lissafa masa magada, ka rubuta hukuncin kowa amma ka tsallake kaka, yana iya yi maka gargaɗi tun kafin manhajar ta fara aiki. Dokar shamaki, misali ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci, layi guda ce, wadda ɗalibin shari'a zai iya dubawa ya ce an yi daidai ko an kauce. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne a yau da mutane ke sauke manhajar gado a waya su raba dukiyar marayu da ita, ba tare da sanin wanda ya rubuta ta ba.

Kada a ɗauka abin na 'yan jami'a ne kawai. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro Erlang a 1986 domin na'urorin haɗa kiran tarho, kuma a kansa aka gina WhatsApp ɗin da muke gaisawa da gida. Lokacin da Facebook ya saye shi a 2014, masu amfani da shi sun kai miliyan 450, ma'aikatansa kuwa ba su kai 60 ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: watannin farko akwai jan aiki, musamman ga wanda hannunsa ya saba da Java. Sannan tallan neman ma'aikata, a Riyad ne ko a Abuja, Python da Java da JavaScript aka fi nema. Don haka ba na cewa kowa ya yar da abin da zai ci abinci da shi. Wanda ya yi wata uku da Haskell, ko ya koma Python, za ka ga ya rage sauye-sauyen da ba dalili, manhajarsa ta fi sauƙin gwadawa.

A hutun bana ina da niyyar rubuta babin ma'abota farilla da asaba da Haskell, bisa mazhabar Malikiyya da ake aiki da ita a kotunanmu. Ina neman ɗalibi ɗaya daga kulliyar shari'a wanda zai zauna da ni ya riƙa duba min hukunce-hukuncen layi-layi.